Ihun Da Na Yi A Mararaba

Samari, ku matso ku ji. Sunana kam ku bar shi, na riga na ɓata shi, ba sai na ƙara ɓata takarda da shi ba.

Kafin in lalace, tallan caja da iyafis nake yi a gosulon Mararaba. Wanda bai san gosulon nan ba, bari in gaya masa: mace za ta shiga motar Abuja da ciki wata uku, kafin a sauke ta yaron ya fara rarrafe. To a nan nake cin abinci. Kuma ina da baki. Wallahi sai in sayar wa mutumin da ba shi da waya caja biyu, ya tafi yana sa min albarka. In na buɗe murya a bakin titi, mutumin Tungan Maje sai ya waiwayo ya ga ko shi ake kira. Ban da arziki, amma ban taɓa kwana da kayan wani ba.

A gefen tashar da nake fakewa in rana ta buɗe, akwai wani dattijo, Malam Iro, mai gyaran agogo da tocila da rediyo. Ɗan ci-rani ne daga wani ƙauye can arewa, damina na faɗuwa yake komawa gona. Shagonsa gaba ɗaya akwati ne na katako da yake ratayawa a kafaɗa. A ciki akwai batura, da 'yan wayoyi ja da baƙi, da sukuddireba kamar tsinken sakace, da agoguna masu rai da matattu. Kusa da shi Mama Ladi ke zama, 'yar Gbagyi mai gasa doya. Kullum sai na tsokane shi.

"Baba Iro, agogo ashirin a akwati, amma sai ka tambayi ladan ko azahar ta yi."

"Ɗan nema," in ji shi, "miƙo cajar ƙaryar nan in gyara maka, kafin wanda ka sayar wa ya dawo da sanda."

Haka yake kirana, ɗan nema. Cajojin da ya gyara min kyauta sun fi gashin kaina yawa.

Sai ga shekarun nan da bama-bamai suka riƙa tashi. Ku da kuke yara a lokacin ba za ku gane ba. Tsoro ya shiga gari har cikin ɓargo. Salansar babur ta yi tusa, sai ka ga alhaji mai tumbi ya tsere wa ɗan acaɓa. Ɗan Mama Ladi, wanda yake kwandasta, a ɗaya daga cikin tashin nan ya rasu. Ta yi wata guda ba ta fito ba. Da ta dawo ta ci gaba da gasa doyarta, amma na daina tsokanarta, don babu wurin da dariya za ta shiga a fuskar nan.

Wata rana tayar wata tirela ta fashe a bakin tasha. Kafin ka ce me, wuri ya watse. Takalma, jakunkuna, ɗankwali, har da wani da ya bar matarsa. Ni da na ga tayar da idona ban gudu ba. Ina dubawa sai ga waya a ƙasa, sabuwa fil. Na ɗauka da niyyar in mai ita ya kira in ba shi. Ya kuwa kira. Ta yi ta ƙara a hannuna, ina kallonta, tana kallona. Sai na kashe ta.

Ashe akwai mai kallona. Wani ɗan sane ne, wato mai yankan aljihu, ana ce masa Oga Ƙwaro. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Yaro, hannunka bai iya ba, kamar mai tsinkar kuɓewa. Amma bakin nan naka jari ne. Taya ba kullum take fashewa ba. Kai kuwa kullum kana nan."

Ga yadda muke aikin. Za mu cusa tsummoki a jakar gana-masgo, a ajiye ta tsakiyar tasha daidai lokacin da ma'aikata ke tasowa. Sai in zagaya in ɗaga murya: "Jakar waye wannan? Jama'a, jakar waye? Wayyo, bam ne!" Mutane su ruɗe, su yi ta hawa kan juna, Oga Ƙwaro da mutanensa su bi aljihuna da abin da ya zube. Yau Utako, jibi Zuba, wani makon mu dawo Mararaba. Na ga tsohuwa ta faɗi an bi ta kanta. Na ga mai ciki ta tsallake kwata. Ina komawa gida in ce ai ni ban taɓa kowa ba, magana kawai na yi. Har kwaikwayon gudun mutane nake yi wa su Oga, suna riƙe ciki.

Da tafiya ta yi tafiya, mutane suka gane jaka. Ran nan na yi ihu har wuyana ya yi zafi, wani ɗan kamasho ya zo ya sa wa jakar ƙafa, tsummoki suka zubo, ya ce, "Bam ɗin naku har da ɗan kamfai?"

Oga Ƙwaro ya ce, "Jaka ta mutu. Yanzu mutum ake tsoro. Nemo mana mutum, wanda ya yi kama."

Ban tambaye shi kama da wa ba, na sani. Mai gemu, mai hula, mai koɗaɗɗiyar riga, wanda bai iya Turancin da zai kare kansa ba. Wato mai kama da ubana.

Ranar wata Litinin ce, bayan la'asar, tasha ta cika maƙil. Ina laɓe a bayan wata doguwar bas ina neman baƙuwar fuska, sai ga Malam Iro ya ratso ta tsakiyar mutane, akwati a kafaɗa, yana tafe yana murɗa wayoyin wani agogon tebur a hannu. Oga Ƙwaro ya kalle ni daga nesa ya ɗaga gira. Na ce a raina, ai kowa ya san Baba Iro, za a ɗan gudu ne a dawo a yi dariya, gobe ma in tsokane shi da zancen. Abin da na manta shi ne, masu jiran mota ba 'yan tasha ba ne. Ba su san kowa ba, gida kawai suke son zuwa da ransu.

Na cika ƙirji na ce, "Ga shi nan! Mai akwati! Yana haɗa waya! Zai tayar!"

Wasu sun gudu. Amma jaka daban, mutum daban. Jaka ba a jin haushinta. Mutanen nan sun daɗe suna binne 'yan'uwansu ba su taɓa ganin fuskar wanda ya kashe su ba, yau ga fuska na ba su. Wani ya make shi ta baya, ya faɗi. Akwatin ya fashe, batura suka gangaro, wayoyi suka bazu, agoguna na ta ƙas-ƙas a ƙasa. Sai na ji wani ya ce, "Kun gani! Har da agogon saiti!"

Ina jin muryarsa daga ƙarƙashin ƙafafu: "Agogo ne, 'ya'yana. Gyara nake. Agogo ne." Ya ɗaga hannun dama yana kare kansa, wani ya sauke masa bulo a kai. Aka fara kiran a kawo taya, a kawo fetur.

Ni ina tsaye, taku goma tsakanina da shi, wayoyin mutane uku da na tsinta a ruɗanin suna aljihuna. Ni da muryata ke kaiwa Tungan Maje, da na ce ƙarya nake yi, kowa zai ji. Ban ce ba. Tsoro nake kada tayar ta dawo wuyana.

Mama Ladi ce ta ratso. Ban san inda matar nan ta sami ƙarfi ba, ta ture ƙarti ta faɗa a kansa, ta rufe shi da jikinta. Sanda biyu sun sauka a bayanta kafin masu dukan su farga. Ta ɗago tana ihu da irin Hausarta:

"Ku kashe ni tukuna! Ni ɗana bam ya ci shi, ni ne na je na gane shi da takalmi. In akwai mai kisa a nan, ni ne zan kashe. Ni kuma na ce a'a! Wannan mutum shi ne yana gyara min tocila. Ku ƙona shi, ɗana Danladi zai tashi?"

Mai galan ɗin fetur ya tsaya. Wani ya ajiye dutse. Ba wai sun yarda da ita ba ne, sun dai rasa yadda za su ƙona shi ba su haɗa da uwar mamaci ba. A haka jami'an tsaro suka iso, suka ɗauke shi jina-jina, suka tattara akwatin da wayoyin.

Na ce gobe za a sake shi. Gobe ta zo, mako ya zo, damina ta zo ta wuce. Na ji Mama Ladi ta yi ta zarya, ana ce mata akwai shaidu da suka gan shi yana haɗa waya zai tayar. Shaidun nan ba abin da suka gani. Maganata ce suka haddace.

Na bar Mararaba, don ba na iya wucewa ta gaban doyar nan. Kada ku ɗauka na tuba. Ihu kawai na daina, na koma sane sosai a motocin Utako. Bayan kamar shekara guda na zura hannu a aljihun wani siriri mai kama da malamin makaranta, ashe soja ne yana hutu. Marin da ya yi min, sai da na ga garinmu da rijiyar ƙofar gidanmu. Kotu ta ba ni shekara uku.

Juma'ar farko a gidan yari, ina shiga masallaci, sai ga Malam Iro a sahun gaba. Ya rame kamar an wanke shi an shanya. Hannun daman ya ƙanƙance, yatsun sun dunƙule ba sa buɗewa. Yana cikin masu jiran shari'a, kuma ba a taɓa kiran tasa ba. Na so ƙasa ta tsage. Aka sallame, ya waiwayo, ya gan ni.

"A'a, ɗan nema. Kai ma ka zo?"

"Dubiya na zo, Baba, suka ce sai na kwana."

Kun ji irin bakin. Ko a nan bai iya yin shiru ba.

Na maƙale masa. Ni ke ɗebo masa ruwa, ni ke masa wanki, ni ke karɓo masa gabza, wato abincin gidan yari. Kowa na cewa yaron nan akwai ladabi. Fursunoni kuwa suna ji da shi, don in faɗa ya tashi shi ke shiga tsakani, kuma duk gidan an san ba shi da laifi. Shugaban ɗakinmu wani ƙato ne da ake kira Janar, wanda in ya yi atishawa sai ganduroba ya duba makulli. Kusan kullum sai ya ce, "Baba, Allah ya kawo mana shegen da ya yi maka ihun nan gidan nan. Wallahi a bokiti za a fitar da shi."

Malam Iro sai ya ce, "Janar, ci abincinka zai huce."

Ni kuwa ina gefe, ina cin wakena kamar ban ji ba.

Haka muka yi shekara biyu da wani abu. Saura wata huɗu in fita, sai wata lauya ta fara zuwa, 'yar arewa mai gilashi, tana bin kes ɗin waɗanda suka daɗe ba shari'a. Ni na rako Malam Iro wurinta, don lokacin tari ya kama shi, ba ya iya doguwar tafiya. Ina tsaye a bakin ƙofa na ji tana cewa, "Baba, na karanta fayil ɗinka. Kowa cewa yake ya ji an ce. Amma saboda kalmar ta'addancin da aka laƙa maka, babu mai son sa hannu a sake ka. Da za a sami wanda ya fara ihun nan, ya faɗi dalilinsa, da na sami abin riƙewa."

Ya ce, "Allah ya kawo shi, 'yata."

Lissafin a fili yake. In na yi shiru, wata huɗu ina waje, shi kuma tarin nan zai ƙarasa shi a ciki. In na yi magana, ga sabuwar tuhuma, ga Janar da bokitinsa. Ina so in ce muku a take na zaɓi gaskiya. Ƙarya ne. Mako uku na yi ina wanke masa riga ina jin tarinsa, bakina gum.

Wata safiya muna bakin famfo, yana zaune a kan bulo yana shan hantsi, ya yi tari har sai da ya dafa ƙasa. Na ga abin da ya tofar. Na ce, "Baba, ni ne."

"Kai ne me?"

"Ni na yi ihun."

Ya ce, "Matse rigar nan da kyau, jiya da danshi ka kawo min ita."

"Baba, ka ji abin da na ce kuwa?"

"Na ji tun ranar. Shekara nawa muryar nan tana min tsiya a kunne? Ko a kabari aka kira ni da ita zan gane."

Rigar ta suɓuce min. Na ce, "To me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Da farko na faɗa. Suka ce wane ne, na ce ɗan nema. Suka ce sunansa, na ce ban sani ba. Suka yi dariya." Ya numfasa. "Da ka shigo nan kuma, in na nuna ka, me Janar zai yi? Ni na kwanta a ƙarƙashin ƙafafun mutane, na san yadda wurin yake. Ba zan jefa ɗan kowa a can ba."

"Lauya fa, Baba?"

"Wa zai yarda da ni? Za a ce mai laifi ne ke neman wanda zai shafa wa. Sai dai ta fito daga bakin da ya yi ta." Ya kalle ni sosai. "Kada ka ɗauka ni waliyyi ne. Akwai ranakun da in ka miƙo min ruwa, ji nake kamar in watsa maka. Sai in tuna matar nan da ta kwanta a kaina. Ita ɗa ta rasa. Ni hannu ne."

Ranar da lauyar ta dawo, ni na riga kowa layi. Ta saurare ni har ƙarshe, ta cire gilashi ta ce, "Ka san abin da wannan zai jawo maka?" Na ce na sani, Hajiya, rubuta kafin ƙafata ta canza shawara. Na faɗi jaka, na faɗi Oga Ƙwaro, na faɗi wayoyi ukun. Ta nemo Mama Ladi ta ba da shaida. Duk da haka sai da aka ƙara wata bakwai kafin takardar sakinsa ta fito.

Labari kuwa ya riga ya zaga gidan. Malam Iro ya sa aka kira masa Janar, ya ce, "Ka sha cewa ni ubanka ne a gidan nan. To ga amana. Ko ƙwarzane na ji an yi masa, ban yafe ba." Janar ya yi huci kamar injin niƙa. Ya zo ya tsaya a kaina, ya tofa min yawu a fuska, ya wuce. Bai taɓa ni ba, bai bari an taɓa ni ba. Amma shekara guda cur babu wanda ya amsa min ko sallama a ɗakin nan. Ga mai surutu irina, da dukan suka yi da ya fi sauƙi. Kotu kuma ta ƙara min shekara huɗu, ban ce ta zalunce ni ba.

Da na fito, lauyar ta ba ni kwatancen ƙauyensu, na tafi. Na same shi da rai, tarin ya lafa. Amma ashe sakin kotu daban, sakin mutane daban. Gidansa har lokacin gidan mai bam ake ce masa. Ba a gayyatarsa suna, ba a gayyatarsa ɗaurin aure, in ya shiga sahu sai na kusa da shi ya ɗan matsa. Cewa suke, haka kawai gwamnati za ta riƙe mutum shekaru?

Na roƙi liman ya ba ni minti biyar bayan sallar Juma'a. Na miƙe gaban garin gaba ɗaya, na faɗi duk abin da na gaya muku yanzu, ban rage ba, kuma karon farko a rayuwata ban ƙara gishiri ba. Na gama. Ina jiran duka. Sai wani tsoho ya dogara sanda ya miƙe ya ce, "To shi wannan don waya ya yi. Mu da muka yi shekaru ba ma gaisawa da Iro, mu me aka ba mu?"

Ya taka ya je ya kama dunƙulallen hannun nan da hannu biyu. Sai mutane suka bi layi.

Da muka koma gida na ce, "Baba, ka yafe min?" Ya ce, "Nawa na yafe. Na matata da 'ya'yana, su za ka tambaya." Na yi sallama a ƙofar ɗakinta sau uku. Ba ta amsa ba. Ta dai aiko min da tuwo, na ci ina kuka. Har yau ba ta ce min komai ba, kuma ban ga laifinta ba.

Yanzu wankin mota nake yi a hanyar Gwagwalada, ina neman gafarar Allah. Ga abin da zan bar muku, ƙannena. Kayan da ba naka ba, ko a ƙasa ka gan shi, ka nemi mai shi, don ni daga nan na fara. Sannan masu dasa bam ɗin nan, ba gawa kawai suke nema ba. So suke ka kalli maƙwabcinka ka ga abokin gaba, saboda gemunsa ko yarensa ko inda yake ibada. Ni ban taɓa ganin ɗayansu ba, amma na yi musu aiki kyauta, masu bulo da fetur ma sun taya ni.

In kana cikin taro aka nuna mutum aka ce shi ne, ka ja da baya, ka janye na kusa da kai, ka kira hukuma. Ka tambaya, wa ya gani da idonsa? Kada ka ɗauki dutse. Wanda ya yi ihun, mai yiwuwa irina ne, yana laɓe a bayan mota yana jiran hankalinka ya tafi. In mutumin mai laifi ne, kotu na nan gobe. In kuwa mai gyaran agogo ne, to kai da Allah, kuma babu lauyar da za ta fitar da kai daga wannan.